Rawar Hannun Baba

Ranar Asabar ce, ana yayyafi, wani saurayi ya hau dandamali da tsohon wasan barkwancin babansa, wanda ya mayar hip-hop. Daga tsohon bidiyo ya kwaikwayi yadda Baba ke fitowa a marowaci, har karkarwar hannunsa in zai ɗauki kofi. Ya ɗora ta kan kiɗa, ta zama rawa. Zaure ya kece da dariya, matasa suna ta kwaikwayo.

A bayan labule Mama ta tare shi.

"Kai, karkarwar nan ba ta cikin wasan. A shekarar da aka ɗauki bidiyon ne ciwo ya fara masa, yake ta ɓoye muku."

Ya leƙa. Baba na layin gaba, ya cusa hannayensa ƙarƙashin cinyoyinsa.

A ranar ya rasa hularsa garin rawa, da muryarsa garin waƙa, da ƙarfin haɗa ido da Baba.