Wanzamin da Aka Guji Askarsa

Tun da ka tambaye ni yadda ake kashe bakin mutane a kan wanda ya taɓa ciwon ƙwaƙwalwa, zauna, ɗana, in ba ka misali.

An yi wani wanzami, shekara talatin yana aski a garinsu, ko ƙwarzane bai taɓa yi wa kowa ba. Sai Allah ya jarrabce shi: barci ya ƙaurace masa, ya riƙa surutai shi kaɗai. 'Yan'uwa suka kai shi asibiti, ya yi wata huɗu yana shan magani, ya dawo garau. Ya rataya zabirarsa ta kayan aski, ya je ya shimfiɗa tabarma a gindin durumin da ya saba zama a bakin kasuwa. Wayyo, ko kare bai leƙo ba! Waɗanda ya yi wa askin suna da hannunsa, su ne ke sauya hanya, suna raɗa wai wa zai miƙa wa mahaukaci maƙogwaronsa. Gemu ya yi musu buzu-buzu, amma sun gwammace su taka har wani gari. Kullum bawan Allah sai ya wasa askar da ba ta taɓa gashi ba, la'asar ta yi ya naɗe tabarma. Abin da ciwo bai yi masa ba, gudun mutane ya soma yi masa. Ya rame, ya daina shiga jama'a, har ya fara cigiyar mai sayen zabirar.

Ran kasuwa da hantsi, sai ga wani tsohon manomi, maƙwabcinsa. A gaban kowa ya tuɓe hula, ya zauna a tabarmar, ya ɗaga haɓa sama, ya rufe ido. 'Yan kasuwa suka zuba ido. Wanzami ya tsaya riƙe da aska, hawaye na bin kumatunsa. Tsoho ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Haba Sarkin Aska, share idonka tukuna. Kukan nan ne zai sa ka yanke ni, ba ciwon ba." Wanzami ya yi dariya, rabonsa da ita har ya manta. Ya jiƙa gashin, ya bi kai da wuya sannu a hankali har ya gama, ko ɗigon jini babu. Tsohon nan bai yi wa kowa wa'azi ba. Ya dai ratsa kasuwa da hularsa a hannu, kansa yana ƙyalli. Kafin a kira azahar, mutum uku na zaune a bakin tabarma suna jiran a zo kansu.

Ai dama Hausawa sun faɗa: gani ya kori ji.