Tsayawar Ce Daɗin Wasan

Na zauna a kan rimot ɗin talabijin, na ce sai dai a ɗaga ni da shi.

Wani tsoho ne sabon zuwa gidan tsofaffinmu na Wiskonsin, wai a cire ƙwallon Amurka ran Lahadi, a sa ƙwallon ƙafa.

"Ke tsohuwa, wannan wasa ne? Ƙarti su gwabza karo, a tsaya, su sake, a tsaya!"

"Tsayawar ce daɗin, angona. A naka wasan yaushe mutum zai buɗe baki?"

Alƙalin wasa na hura usur, na juya na gaya wa kowa a ɗakin wace bazawara aka tsinci haƙoran roba na tsohon nan.

Yanzu kowace Lahadi yana gefena, yana addu'a kada wasan ya tsaya.