Tulun da Ya Daɗe a Ragaya

Wato kai Barau, an yi shekaru ban ga ƙeyarka ba, sai ka aiko mini da bargo ta hannun direba, har da saƙon wai mai ƙarko ne, zai kai ni tsufa. Ni da furfurar gemuna sai an sa tabarau ake ganinta! To na karɓa, na gode, ina ma lulluɓa da shi. Amma tunda yau Allah Ya jefo ka, gyara zama ka ji misalin da bargon nan yake tuna mini.

An yi wani mai zuma, mutumin da ke rataya amya a bishiyoyi ƙudan zuma su shiga su yi masa aiki. Ba abin da yake so a duniya kamar abu mai ƙarko. In zai sayi fartanya sai ya ƙwanƙwasa ta ya ji amon ƙarfen. In zai yabi mutum, cewa yake yi wane icen ƙirya ne, gara ba ta cinsa. Yana da ƙane guda, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda neman ƙasar noma ya kai shi wani ƙauye a hayin kogi, tafiyar da in ka fita da hantsi za ka yi la'asar a can. Wata shekara ɗorawa ta yi fure sosai, zuma ta yi albarka. Mutumin nan ya zaɓi saƙar da ta fi kyau, ya tace, ya cika tulu, ya liƙe bakin da kaki, ya ɗora a ragaya. Ya ce wannan na ƙanensa ne, kuma da hannunsa zai kai masa, ba aike ba. Kada ka ɗauki alhakinsa, Barau, niyya ce ta gaskiya. Abin da ya cuce shi ɗaya ne: zuma ba ta lalacewa. Matarsa in ta dama fura don 'yan'uwanta, dole ta ɗauki ƙwarya ta kama hanya a ranar, don kafin gobe ta yi tsami, shi ya sa ƙafarta ta haddace hanyar gidansu. Shi kuwa dariya yake mata, yana cewa kyautarta ba ta kwana, tasa ko jikoki sa sha. Damina ta zo, ya ce bari kogi ya janye. Kogi ya janye, ya ce bari a shigar da hatsi rumbu. Aka shigar, sai lokacin ɗibar sabuwar zuma ya kama. Haka shekara ta bi shekara, gizo-gizo ya yi saƙa a wuyan tulu, igiyar ragaya ta ruɓe har aka sake wata. Duk sanda ya ɗaga ido ya ga tulun sai hankalinsa ya kwanta, kamar wanda ya riga ya kai ziyarar.

Ana nan sai masu zuwa cin kasuwa daga hayi suka kawo saƙo, cewa tari ya kama ƙanen ya ƙi saki, kuma mai magani ya ce a nemo tsohuwar zuma. Ka san abin da mai zuma ya yi? Murna ya yi! Ya shiga gaya wa mutane ai ga amfanin ajiya, da ya kai tun farko da tuni an lashe. Ya sauko da tulu, ya goge ƙura, ya ce da ya gama da 'yan amyar da suka rage a fadama zai tafi, tunda tari ba baƙon kowa ba ne. Bai gama da amyar ba saƙo na biyu ya iso. Wannan karon ko hula bai tsaya nema ba. Ya ɗora tulu a ka ya ƙetare kogi, ruwan ma iya gwiwa ne, ya tarar an dawo daga maƙabarta, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Da ya shiga yi wa matar ƙanen gaisuwa, ta dubi tulun, ta sunkuyar da kai. Ta ce sau da yawa sun so sayo zuma a kasuwa, marigayi ya hana, yana cewa, "Ku bari, ta Yaya tana hanya, ba irin tasa." Ta ce har ya daina iya tashi, in ya ji sallama sai ya ce a duba ko Yaya ne. Aka ɓare kakin nan. Wallahi zuma na nan yadda aka zuba ta, ba tsami ba tsutsa, ƙamshin furen ɗorawa ya cika ɗaki. Da ita aka ci wainar sadaka. Duk wanda ya lasa sai ya ce kai, wannan zuma akwai nagarta, an iya ajiya. Mai zuma na zaune a gefen tabarma da waina a hannu, ya kasa kai ta baki.

Don haka bargonka zai daɗe, ban musa ba, zaren akwai ƙwari. Mai lulluɓa da shi ne ba a saƙa da irin wannan zaren ba, duk da kyan da kake gani na yi. Ai Hausawa ba su ce tana cikin tulu ko cikin bargo ba, cewa suka yi zumunta a ƙafa take.