Kwalbar Malam Sajo

Kullum da hantsi Malam Sajo zai jingine kekensa a ɗakin shan magani na Gwarzo, ya yi doguwar gaisuwa, ya watsa ƙwayoyin maganin tarin tibi a baki a gaban Gamaliel, ma'aikacin da ke raba su. Haka doka ta ce, a gabansa ake sha. Daga nan sai ya ɗaga hannu ya wuce, ko sai an jima babu.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce. 'Yan'uwan Gamaliel da yawa sun tattara sun koma Kafanchan, shi ya zauna. Wa zai bar wa masu tarinsa?

Duk sun samu sauƙi ban da Sajo. Mutum da ƙwarinsa, yana tuƙo keke tun daga ƙauyen Kara, amma duk kwalbar kakin asuba da ya kawo daga gida, sai a ga cuta fal a ciki. Wata takwas! Abin ya ci ran Gamaliel ƙwarai.

Ya taɓa cewa zai je a duba iyalin. Sajo ya roƙe shi don Allah ya rufa masa asiri. Matarsa Furera fura da nono take sayarwa, da shi gidan ke ci, kuma ranar da aka ji tari a gidan, an gama sayen furarta.

Da ƙyar da roƙo Gamaliel ya samu aka aika da kakin zuwa Legas. Bayan wata uku amsa ta iso. Ashe ba tibi ba ce, wata 'yar'uwarta ce da ba a cika gani ba, daga ƙasa da ruwa ake ɗaukarta, ba daga mutum ba. Maganinta daban ne, ana sha fiye da shekara, kuma ba kyauta ba. Sajo kuwa kwana biyu bai zo ba.

Gamaliel ya ari babur ya nufi Kara. Tun daga nesa ya hango tabarmin zaman makoki a ƙofar gidan.

Sai ga Sajo ya taso daga cikin maza, lafiyarsa ƙalau. Ya saurari bayanin takardar har ƙarshe, hawaye na zuba.

"Likita, ka yafe mini," in ji shi. "Ni ban taɓa tari ba. Kakin na Furera ne, maganin kuma a kumatu nake ɓoyewa in kai mata. Shekaranjiya muka binne ta."