Hannun da Na Ɗaga

Ina aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, a Madarumfa, wani ɗan sanda ya zo yi mana gargaɗi a kan ƙwaya. Bayan azahar ne. Ya ɗaga katin tramol, ya ce, "Yara, wa ya taɓa ganin wannan? Kada ku ji tsoro, ilimi muka kawo, ba kamu ba."

Kowa ya sunkuyar da kai. Ni kuwa an hore ni a kan gaskiya, sai na ɗaga hannu. Na ce yayana Sanusi yakan jefa biyu cikin shayi kafin ya tafi noman ƙwadago a Safo, don kada ya ji gajiya.

Malaminmu ya yi gyaran murya. Ban gane ba.

Ɗan sandan ya ce, "Madalla, ƴata. Sanusi wa?"

Na faɗi sunan mahaifinmu, na ƙara da unguwa, domin ba na son bayani rabi. Ya rubuta, ya sa aka tafa mini.

Yau ni ke riƙe da rajistar haihuwa a ma'aikatar magajin gari, kuma na bincika, ban ga dokar da ta halatta a yi wa ƴar shekara tara wannan tambayar ba.

Sanusi ya yi wata shida a tsare. Tun da ya fito bai taɓa zagina ba. In na shigo ɗaki dai, yakan yi shiru har in fita.