Tukunyar da Jummai Ta Gina

Ban fi shekara tara ba Baba ya kai mu wani asibitin sha-ka-tafi a Kontagora, ni da ƙanwata Jummai. Wata biyar ba ta ce uffan ba, tun ranar da kogi ya tafi da Innarmu a kan idonta.

Babbar nas ɗin wata Badukkiya ce, 'yar ƙabilar Dukawa, Sista ake ce mata. Ba ta ɗauko allura ba. Tabarma ta shimfiɗa a gindin mangwaro, ta ajiye ɗanyen yumɓu a gaban Jummai, ta zauna a ƙasa da fararen kayanta. Har yau ina jin ƙamshin yumɓun nan.

Baba ya ce, "Sista, tun daga Auna fa muke. Wasan ƙasa ai akwai shi a gida. A yi mata allura."

Ta ce, "Malam, allura ba ta kaiwa inda ciwon yake. Ka riƙa kawo mini ita duk Laraba."

Suna cikin ja-in-ja Jummai ta gama gina 'yar tukunya, ta miƙo mini, ta ce a hankali, "Ta Inna." Ni kaɗai na ji.

Baba ya fizgi hannunta, ya ce gobe sai gidan mai maganin iskoki. Na dubi fuskarsa, tsoro ya kama ni, na yi shiru.

Can aka sa mata marin ƙarfe a ƙafa, ba ta dawo ba. Na rasa miji, na rasa 'ya'ya biyu, amma hawayen nan da nake zubarwa yanzu na Jummai ne. Da na faɗa wa Baba ta yi magana, ko zai bar ta wurin Sista? Allah ne masani. Ke da kike rubuta labarin nan, ki dai rubuta cewa na ji, ban faɗa ba.