Ribar Hedimasta

Ƙarfe tara na safe Hedimasta ke buɗe ofis, wato teburin cin abinci. Zai ture kwanon sukari gefe, ya jingina wayarsa da butar shayi, ya gyara tabarau, sannan ya sanar da gida cewa kasuwar duniya ta buɗe, kada wanda ya yi tari.

Shekara talatin da biyar ya yi yana shaƙar ƙurar alli kafin a biya shi kuɗin sallama. A makon ne ya ci karo da bidiyon wani saurayi jingine da motar da ba lallai tasa ba ce, yana cewa cinikin kuɗin ƙasashe ta waya ko kaza za ta iya: ka sayi dala tana ƙasa, ka sayar tana sama. Hedimasta ya ji kamar da shi ake. Ya kira babbar 'yarsa, akawu a wani kamfanin inshora, ta buɗe masa asusu.

"Baba, akwai asusun gwaji na 'yan koyo," ta ce. "Kuɗin ciki na wasa ne, ko ka faɗi ba abin da ya taɓa ka. Ka fara da shi mana."

"Ni da na koyar da lissafi tun ba a haife ki ba? Zuba min na gaske, duka."

Ya miƙa mata cekin kuɗin sallamar. Ta dubi uwarta, uwar ta ci gaba da tankaɗe fulawa.

Ita uwargidan tasa sana'arta sikon, wasu 'yan curin burodi masu zabibi da ake ci da shayi. Da yatsu take murza bota mai sanyi cikin fulawa har ta yi tsaki-tsaki, ta zuba madara, ta haɗa ba tare da ta wahalar da kwaɓin ba, ta yanka da bakin kofi, ta shafa ƙwai a kai. Da can tire ɗaya take gasawa don shagon bakin layi. A watan nan sai ga ƙaton obin mai hawa uku an sauke a kicin. Hedimasta bai tambaya ba. Mai hulɗa da dala da fam ba ya bin diddigin kayan girki.

Abin mamaki, sai sa'a ta bi shi. Bai san me jan layi da koren layi ke nufi ba, amma duk inda ya danna sai lamba ta hau. Cire kuɗi ne kaɗai ya gagare shi, don haka kowane ƙarshen wata yakan faɗa wa 'yar adadin ribar da yake so, ita kuma ta kawo a ambulan. Ƙananan takardu ne, a cukurkuɗe, wasu har da maiƙo. Ya ce bankunan zamani sun zubar da mutuncinsu.

Baki ya buɗe. Tsofaffin abokan aikinsa suka fara zuwa ɗaukar darasi, yana zana musu hawa da sauka a bayan kalanda, suna cinye sikon ɗin da aka ajiye wa masu oda.

"Ku dubi baiwar Allah nan," yakan ce yana nuna kicin da haɓa. "Abin da take samu a wata, ni kafin shayina ya huce na same shi."

Abu ɗaya ke ci masa tuwo a ƙwarya. Duk ranar da ya yi shelar riba, fuskar matar sai ta haɗe, washegari kuma ta ƙara tire biyu. Ya auna, ya gane hassada ce, ya yafe mata saboda zaman tare.

Wata na takwas ya gano wani maɓalli da ke ninka riba sau ɗari. Saurayin bidiyo bai ce yana ninka asara ba. Ranar Laraba da hantsi Hedimasta ya tattara uwa da riba ya ɗora a kan fam. Uwargida ta tura tire cikin obin a daidai lokacin. Kafin sikon ya yi ja, lambar ta gangara ta tsaya a sifiri.

Ya goge tabarau, ya kashe wayar ya kunna. Sifirin na nan. Gumi ya jiƙa masa riga. Tsoro ya kama shi, kunya kuma ta fi tsoron: tanadin tsufansu kaf ya ƙone da yatsa ɗaya, kuma matar da ya mayar abin dariya ita zai faɗa wa.

Da la'asar 'yar ta biyo daga aiki. Ya tare ta a ƙofa ya nuna mata wayar.

"Je ki fara faɗa wa mamanki. Bakina ba zai iya ba."

Ta shige kicin. Ya jira ihu, bai ji ba. Shirun ya fi ihun tayar masa da hankali, sai ya lallaɓa ya tsaya a bayan labule, yana shirya kalmomin neman gafarar da bai taɓa furtawa ba a shekara arba'in na aure. Ya ji an dire tire, sannan matar ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi, gara da ya faɗi, bayana ya kusa karyewa," ta ce. "Kuɗinsa na nan a banki, na obin kawai na taɓa, amma don Allah kada ki sake buɗe masa asusun gwajin nan, wata takwas ina gasa sikon ina biyan ribar kuɗin wasa."